Naɗin Latas da Naman Kaza da Kwaɗon Fiya: Abinci Mai Ƙarancin Sitaci

GABATARWA

Kusan kowace rana a asibitocin ƙasar nan, likita yakan auna jinin mutum ya ce masa sukari ya yi yawa, saboda haka sai ya rage tuwo da shinkafa da burodi. Mutum ya koma gida ya rasa abin da zai sa a bakinsa, gama tun tasowarsa bai san wani abu da suna abinci ba in babu ɗaya daga cikin waɗannan. Waɗansu sukan daure kwana biyu sa'an nan su koma gidan jiya. Waɗansu kuwa sukan zauna da yunwa har ƙarfinsu ya ƙare. Kowace hanya daga cikin biyun nan tana da haɗari.

Matsalar ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga miliyan 200 a shekarar 1990 zuwa miliyan 830 a shekarar 2022. Saboda haka mutane a ƙasashe da yawa suna ta neman dabarun girki waɗanda za su ƙosar da ciki ba tare da sun cika jini da sukari ba.

Wannan takarda za ta bayyana ɗaya daga cikin dabarun. Abinci ne wanda asalinsa daga ƙasar Meksiko yake, amma kusan duk kayan haɗinsa ana samunsu a kasuwanninmu. Hausawa sukan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Su dai riƙon asiri suke nufi, amma maganar ta dace da madafa ma.

ASALIN WANNAN ABINCI

Meksiko ƙasa ce da ke kudu da Amurka, suna iyaka da juna. A can aka fara noman masara shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yau ita ce uwar abincinsu. Sukan dafa ƙwayar masara cikin ruwan farar ƙasa, su niƙa ta, su mulmula ƙullun, su faɗaɗa shi ya yi fale-fale kamar faifai, sa'an nan su gasa a kan kasko. Wannan gurasa ita suke kira tortiya. In aka ɗora nama ko wake ko kifi a kanta, aka ninke ta biyu aka ci da hannu, shi ne ake kira tako.

Ba safai ake cin tako gaya ba, sai da mahaɗi. Ɗaya daga cikin shahararrun mahaɗansa shi ne gwakamole, watau fiya da aka dame da gishiri da barkono da sauran kayan ɗanɗano. Sunan ya fito daga harshen mutanen Aztek, waɗanda suke mulkin tsakiyar ƙasar kafin Turawan Sifen su sauka a 1519, kuma ma'anarsa miyar fiya. A nan za mu kira shi kwaɗon fiya, domin da kwaɗo ya fi kama. Mutanen Meksiko suna dama shi cikin wani ɗan turmi na dutse. Ƙasarsu ce ta fi kowace ƙasa noman fiya a duniya, musamman jihar Micowakan. A shekarar 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Yana da kyau mai karatu ya san cewa masara da tumatir da barkono da fiya duk daga nahiyar Amurka suka iso mana. Watau dai kayan miyarmu da na mutanen Meksiko dangin juna ne.

Tako na asali da tortiya ake yinsa. Sa ganyen latas a madadinta dabara ce ta baya-bayan nan, wadda ta yaɗu a Amurka tsakanin masu neman rage sitaci. Amma naɗe nama cikin ganye tsohon abu ne a wasu wurare: mutanen Koriya sun daɗe suna cin gasasshen nama a haka.

ME AKE NUFI DA ƘARANCIN SITACI?

Abincin da muke ci ya ƙunshi manyan abubuwa uku. Akwai mai ba da ƙarfi, watau sitaci da sukari, wanda ke cikin hatsi da doya da rogo da dankali. Akwai mai gina jiki, wanda ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake. Sa'an nan akwai maiƙo.

In mutum ya ci sitaci, ciki yakan narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini. Daga nan wani sinadari mai suna insulin, wanda jiki ke yi da kansa, yakan shigar da sukarin cikin tsoka da sauran sassan jiki domin a yi aiki da shi. Mai ciwon sukari ko dai jikinsa ba ya yin insulin isasshe, ko kuwa yana yi amma ba ya aiki sosai. Sai sukarin ya taru a jini. In aka daɗe a haka yakan lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, yakan kuma jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ga lissafin abin da ke cikin wannan abinci, a kan kimantawa:

1. Ƙaramar tortiya ɗaya ta masara tana da sitaci giram 10 zuwa 12. Wanda ya ci uku ya ci fiye da giram 30. Manyan ganyen latas uku kuwa ba su kai giram 3 ba, gama kusan kashi 95 cikin 100 na latas ruwa ne.

2. Tsokar kaza ba ta da sitaci ko kaɗan. Giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza yana da abin gina jiki kimanin giram 30.

3. Giram 100 na fiya yana da maiƙo kimanin giram 15, kuma yawancinsa irin maiƙon nan ne da ba ya cutar da zuciya, kamar na man zaitun. Tana kuma da harza kimanin giram 7, watau sashen abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda ke hana taurin bayan gida.

Domin kwatanci, giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana da sitaci kimanin giram 28, kuma kowa ya san ba a tsayawa a giram 100 in an zauna gaban faranti.

Asirin abin shi ne, nama da maiƙo da harza suna daɗewa a ciki. Saboda haka mutum yakan ƙoshi, kuma yunwa ba ta saurin dawowa, alhali sukarin da ya shiga jininsa kaɗan ne.

KAYAN HAƊI NA MUTUM HUƊU

Domin naman:
Tsokar kaza marar ƙashi, rabin kilo
Man gyaɗa, babban cokali 2
Tafarnuwa, ƙwaya 3
Garin barkono ko na tattasai, ƙaramin cokali 1
Masoro, rabin ƙaramin cokali
Garin kumin, ƙaramin cokali 1, in an samu
Lemon tsami 1
Gishiri, rabin ƙaramin cokali

Domin kwaɗon fiya:
Nunanniyar fiya babba 2
Albasa ƙarama 1
Tumatir mai tauri 2
Attarugu 1
Lemon tsami 1
Ganyen koriyanda ko lawashi, ɗan kaɗan
Gishiri, ɗan tsunkule

Domin naɗi:
Latas, manyan ganye 12

ZAƁEN KAYA A KASUWA

Fiyar da ake nufi ita ce babbar nan mai ƙwallo ɗaya a ciki, wadda ake ci ɗanya, irin wadda ake kawowa daga Filato da jihohin kudu. Kada a ɗauka ƙaramar nan ce da ake gasawa a ci da masara. Fiya ba ta nuna a kan itacenta, sai bayan an tsinko ta. A riƙe ta a tafin hannu a ɗan matsa a hankali. In ta ɗan lotsa kaɗan, ta nuna. In tana da tauri kamar dutse, sai a ajiye ta kwana biyu ko uku cikin takarda tare da ayaba, gama nunanniyar ayaba tana fitar da wata iska mai gaggauta nunar 'ya'yan itace. In kuwa ta yi luguf, ko an yanka an ga cikinta ya yi baƙi yana wari, a zubar.

Latas ya fi kyau da araha lokacin hunturu, sa'ad da masu lambu ke noman rani. A zaɓi mai faɗin ganye da ƙarfin tsakiya, wanda bai yanƙwane ba, bai kuma yi rawaya ba. Wanda ya fara fitar da kara domin yin fure yakan yi ɗaci. Inda babu latas, ganyen kabeji yana iya maye gurbinsa, in an tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya ya yi laushi.

Kazar gidan gona tana da taushi, tana kuma saurin dahuwa. Kazar gida ta fi ɗanɗano amma tana da tauri, saboda haka kowace da yadda ake sarrafa ta, kamar yadda za a gani a gaba. Kowace aka samu, a cire fatar, domin a nan kitse ya fi yawa.

TSABTA KAFIN KOME

A nan ne ya kamata a fi mai da hankali. Miyarmu ta gargajiya tana daɗewa a kan wuta, wuta kuwa tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma a wannan abinci kashi biyu cikin uku ɗanye ake ci, watau latas da kwaɗon fiya. Sau da yawa ana ban-ruwan lambu da ruwan rafi ko na kwata, ana kuma zuba taki. Ta haka ganye yakan ɗauko ƙwayoyin amai da gudawa, da na zazzaɓin taifot, da ƙwan tsutsar ciki. Ɗanyen naman kaza shi ma yakan zo da nasa ƙwayoyin masu sa gudawa da zazzaɓi. Babu amfani mutum ya gudu daga ciwon sukari ya faɗa ciwon ciki. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. A wanke hannu da sabulu kafin a fara aiki, da kuma duk lokacin da aka taɓa ɗanyen nama.

2. A fara gyara ganye da kayan kwaɗo, a rufe su a ajiye gefe, sa'an nan a taɓa kaza. Kada a yanka tumatir ko albasa da wuƙar da aka yanka nama, ko a kan katakon da aka ɗora shi, sai an wanke su da sabulu da ruwan zafi.

3. A ɓalle latas ganye-ganye, a zubar da na waje, a wanke kowane ɗaya gaba da baya, musamman gindinsa inda ƙasa ke maƙalewa. A canja ruwa sau uku. Ruwan kuwa lalle ya zama wanda za a iya sha. In ana shakkarsa, a tafasa shi a bar shi ya huce. Gishiri ko ruwan tsami da waɗansu ke zubawa yana ɗan taimakawa, amma ba ya kashe dukan ƙwayoyin cuta, don haka kada a dogara da shi a yi sakaci da wanki.

4. A wanke bayan fiya da lemon tsami kafin a yanka, gama wuƙa tana iya jan ƙazanta daga ɓawo zuwa ciki.

5. In an wanke kaza, a yi shi cikin kwano a hankali, nesa da sauran kaya, kada ruwan ya fantsama. A zubar da ruwan, a wanke wurin.

Bayan an wanke latas sai a jera shi cikin kwando ya tsane sarai. Jiƙaƙƙen ganye yakan sa naɗin ya yi ruwa, ya saɓule a hannu.

YADDA AKE GYARA NAMAN

In kazar gidan gona ce, a yanka tsokar siri-siri kamar tsawon yatsa. A daka tafarnuwa, a haɗa da barkono da masoro da kumin da gishiri da ruwan lemon tsami da cokali ɗaya na mai. A cuɗe naman da wannan haɗi, a rufe, a bar shi minti 30 a wuri mai sanyi. In za a bar shi fiye da haka, sai cikin firji.

A ɗora kasko a wuta ya yi zafi sosai, a zuba sauran man. A jera naman kada ya hau kan juna. In kaskon ƙarami ne a raba aikin biyu, gama in aka cika shi, naman zai fitar da ruwa ya dahu a ciki maimakon ya soyu. A bar shi minti 4 ko 5 ba tare da juyawa ba har ƙasansa ya yi ja, sa'an nan a juya ɗaya gefen. Mai son gashi yana iya tsire naman a tsinke ya gasa a kan garwashi.

In kazar gida ce, a fara dafa ta da albasa da citta har ta yi laushi. A tsame, a cire ƙashi, a yayyage tsokar kamar za a yi dambun nama. Sa'an nan a soya ta sama-sama da kayan yajin, a zuba ludayi ɗaya na romon domin kada ta bushe.

Lalle ne naman ya dahu har ciki. A yanka mafi kauri a duba: kada a ga ja ko jini, ruwan da ke fita kuma ya zama garau. Mai ma'aunin zafin abinci ya tabbata tsakiyar naman ya kai digiri 74.

YADDA AKE KWAƊON FIYA

A yi shi daf da lokacin ci. A tsaga fiya biyu a tsaye, a murɗa ta rabu, a cire ƙwallon da cokali, a kwashe naman cikin kwano. Kada a riƙe ta a tafin hannu a sari ƙwallon da wuƙa, mutane da yawa sun yanke hannunsu ta haka. A matse lemon tsami a kai nan da nan. A dame da cokali mai yatsu, amma kada a mai da ita kamar kunu, a bar 'yan gudaji.

A yanka albasa da attarugu ƙanana-ƙanana. A tsaga tumatir a cire 'ya'yan da ruwan, a yanka sauran. A zuba duka tare da ganyen koriyanda ko lawashi da gishiri, a juya a hankali, a ɗanɗana.

Fiya takan yi duhu in iska ta taɓa ta, kamar yadda yankakkiyar doya ke yi. Tsamin lemo yana jinkirta haka. In dole sai an ajiye, a lulluɓe da leda mai tsabta ta manne da saman kwaɗon yadda iska ba za ta shiga ba, a sa a firji. Waɗansu sukan tsoma ƙwallon a ciki wai don ya hana duhu, amma iyakar inda ya rufe kaɗai yake karewa.

YADDA AKE NAƊAWA

A kawo latas da nama da kwaɗo kowanne a mazubinsa, kowa ya naɗa nasa. A ɗauki ganye ɗaya, ko biyu in suna da laushi. A shafa babban cokali ɗaya na kwaɗo a tsakiya, a ɗora nama, a ninko gefe da gefe, a ci da hannu. A bar naman ya ɗan sha iska na minti 5 kafin a ɗora, domin zafi yana yanƙwanar da ganye. Naɗi uku yakan ishi babban mutum. Mai so yana iya ƙara kokwamba ko cokali ɗaya na kindirmo marar sukari.

Kada a bar abin da ya rage a fili fiye da awa 2, ko awa 1 a lokacin bazara. Naman yana iya kwana uku a firji, amma a sake ɗumama shi sosai kafin a ci.

GARGAƊI

Wannan abinci ne, ba ya maye gurbin magani. Mai ciwon sukari kada ya daina shan maganinsa domin ya canja abinci. Har wa yau, wanda ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage sukari, lalle ne ya shawarci likita kafin ya rage sitaci da yawa. In ya rage abinci alhali magani yana nan yadda yake, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa ainun. Alamun haka su ne rawar jiki, da gumi, da jiri, da ruɗewa. Wanda ya ji su ya sha abu mai zaƙi nan take, sa'an nan a kai shi asibiti.

Mai ciwon ƙoda shi ma ya tambayi likita, gama fiya tana da sinadarin fotasiyam da yawa, ƙoda marar lafiya kuwa ba ta iya fitar da shi sosai.

Yara masu tasowa, da mata masu ciki ko shayarwa, da manoma da leburori masu aikin ƙarfi, duk suna bukatar hatsi. In an yi wannan abinci a gida, a haɗa musu da dafaffen wake ko dankali ko 'yar shinkafa.

Mai neman rage ƙiba ya tuna fiya tana da maiƙo. Rabin babbar fiya ya ishi mutum ɗaya a zama guda. Kada kuma a ƙara mayonis ko a tsoma naman cikin fulawa a soya, domin yin haka ya rushe manufar.

Mai hawan jini ya lura da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin kasuwa. Lemon tsami da tafarnuwa da barkono sun isa su ba abincin nan armashi.

BATUN TSADA

Gaskiya ne ba kowane gida ne zai iya sayen kaza kullum ba. Amma rabin kilo ya ishi mutum huɗu a wannan girki, kuma dabarar ba ta tsaya ga kaza ba. Ana iya sa dafaffen ƙwai, ko gasasshen kifi da aka cire wa ƙaya, ko awara. Latas kuwa ana iya shuka shi a bayan ɗaki cikin tsohon bokiti ko buhu, a yi masa ban-ruwa da ruwa mai tsabta, cikin wata biyu ko ƙasa da haka a fara tsinka. Wanda ya yi haka ya san ruwan da ganyensa ya sha.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Ganye a madadin gurasa yana rage sitaci ƙwarai, ciki kuma ya ƙoshi.
2. A wanke abin da za a ci ɗanye da ruwan da za a iya sha.
3. A raba ɗanyen nama da ganye, a dafa kaza har ciki.
4. A rage gishiri, a auna mai.
5. Mai shan magani ya ga likita kafin ya canja abinci.

Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ko akwai mai ciwon sukari a danginsa, ya je asibiti mafi kusa a auna jininsa, ko da ba ya jin ciwon kome. Ciwon sukari yakan daɗe a jiki kafin ya nuna kansa. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa na kusa da shi. Rigakafi ya fi magani.